Batirin salula da injin da ke gina shi

Yara, batirin da ke cikin salula sunansa batirin litiyom. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irinsa a shekarar 1991.

A cikinsa akwai faranti biyu, da wani ruwa tsakaninsu. In ana caji, ƙwayoyin litiyom suna barin faranti ɗaya su shige ɗayan. In ana aiki da salula, sai su komo.

To, in faranti ya yi kauri, ƙwayoyin ba su ratsa shi da sauri. Ku tuna da ruwan sama a Gangara: a jigawa nan da nan yake nutsewa, a laka kuwa sai ya kwanta.

Shi ya sa masana suke gwada wani inji mai gina faranti sahu bisa sahu, kamar yadda ake ɗora ginin rumbu. Yana barin ƴan ramuka inda ƙwayoyi za su bi. A 2013, a Amurka, an gina batiri da irin wannan inji, girmansa kamar ƙwayar rairayi. Sai dai injin yana da nawa.

Tambayoyi
1. Ina ƙwayoyin litiyom suke zuwa in ana caji?
2. Mine ne amfanin ramukan?