Yaƙin Bama a kan Allo: Yadda Ake Jera Sojoji da Motoci a Diyorama

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi zai yiwu ya ga wani akwati na gilashi, a cikinsa an gina ɗan ƙaramin fili mai tuddai da itatuwa, ga 'yan mutum-mutumi da motoci an jera su kamar suna cikin wani aiki. Irin wannan gini shi ake kira diyorama. Kalmar ta samo asali ne daga birnin Faris na ƙasar Faransa, inda a shekarar 1822 Louis Daguerre da Charles Bouton suka buɗe wani gidan kallo na manyan zane-zane da ake haskawa da hasken rana. Daga baya ne sunan ya koma kan ƙananan gine-gine masu kwaikwayon wani wuri ko wani lamari.

A wannan darasi za mu duba yadda ake jera sojoji da motoci a diyorama ta yaƙi. Ɗalibi zai ga cewa aikin ya haɗa lissafi da kimiyyar nauyi da tarihi a kan allo ɗaya.

Zaɓen labari

Kafin a taɓa gam ko katako, sai a fara amsa tambaya ɗaya: me ke faruwa a wurin nan? Diyorama tamkar hoto ce da aka ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya, don haka labari ɗaya take iya ɗauka. Sheperd Paine, wani Ba'amurke da ya shahara a wannan sana'a, ya wallafa littafi a kanta a shekarar 1980, kuma ayyukansa sun yi suna ne saboda kowanne yana ba da labari.

Misalinmu za mu ɗauko shi daga Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarar 1944 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi sojojin Nijeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, domin yaƙar sojojin Japan. Sun sari hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 a cikin ƙurmi da duwatsu. Abinci da harsashi jiragen sama ke jefo musu, kaya kuwa 'yan dako ke ɗauka a ka. Hausawa da yawa sun halarci yaƙin Bama, kuma sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya suna tuna mana da shi.

To, labarinmu shi ne: jif ta maƙale a laka, sojoji uku suna turawa, direba na waiwaye, 'yan dako biyu suna wucewa, soja ɗaya kuma yana gadi. Wannan zaɓi ya riga ya hana mu wasu abubuwa. Ba za mu sa tankar yaƙi a kan hanyar da aka sara domin jif ba, kome kyanta, domin yin haka ƙarya ce ga tarihi.

Ma'auni

Ma'auni shi ne gwargwadon yadda aka ƙanƙanta abu. Idan aka rubuta 1:35, ana nufin santimita 1 a kan allo tana daidai da santimita 35 a zahiri. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni ga motocin yaƙi tun daga shekarun 1960. Akwai kuma 1:72, wanda aka fi amfani da shi ga jiragen sama.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a raba tsawon abu na gaske da 35. Mutum mai tsawon santimita 175 zai zama santimita 5. Jif ta wancan zamani, mai tsawon kimanin santimita 335, za ta zama santimita 9.6. Bindigar Lee-Enfield da sojojin suka riƙe, mai kimanin santimita 113, za ta zama santimita 3.2.

Inda ɗalibai suka fi yin kuskure shi ne a ƙasa da tsirrai. Ƙwayar yashi mai faɗin milimita 1, idan aka ninka ta sau 35, ta zama tsakuwa mai santimita 3.5. Saboda haka wajibi ne a tankaɗe ƙasa da rariya mai laushi kafin a barbaɗa. Haka kuma gora mai kaurin santimita 7 za ta zama milimita 2, wato kamar tsinken tsintsiya. Ganyen itace na gaske ya yi girma ƙwarai. Busassun saiwoyi da ɗan soso da aka yayyanka sun fi dacewa.

A auna allon ma. Katako mai santimita 30 da 20 yana wakiltar fili mai mita 10.5 da mita 7 ne kawai, wato kamar tsakar gida. Sojojin da ke tafiya da ratar mita 5 a tsakaninsu za su buƙaci santimita 14 a kan allo. Wannan lissafi shi ke nuna mana cewa mutum bakwai da mota ɗaya sun ishi allon.

Jera mota da mutane

A fara da mota, domin ita ce mafi girma, kuma ita ido ke fara kamawa. Kada a aje ta a tsakiya cif, kada kuma a daidaita ta da gefen allo. A karkata hanyar ta ratsa allon daga wata kusurwa zuwa wata, jif ta bi ta. Dalili kuwa shi ne, layin da ya yi daidai da gefen katako yana tuna wa mai kallo cewa katako yake kallo, amma layin da ya karkace yana sa ya ji kamar hanyar ta ci gaba bayan allon. A bar fili a gaban motar fiye da bayanta, don a ga inda ta dosa.

Sai dogayen abubuwa. Gora da tudu su kasance a baya, gajerun abubuwa a gaba, yadda ba abin da zai tare wani. Idan an duba daga gaba, ya kamata kan gora da jif da mutum na ƙarshe su ba da siffar alwatika, mai tudu a gefe ɗaya, tana gangarowa zuwa ɗayan.

Game da mutane, abin lura shi ne inda kowa yake kallo. Idon mai kallo yana bin idon mutum-mutumi. Masu turi su dubi tayar da ta nutse, direba ya waiwayo gare su, ɗan dako na gaba ya ɗan juyo da fuska. Ta haka duk inda ido ya faɗa sai a komo da shi ga tayar nan, wadda ita ce cibiyar labari. Mai gadi kaɗai zai juya baya ya dubi ƙurmi, kuma wannan kallo nasa shi ke shaida mana cewa abokan gaba suna kusa, ko da yake ba a gina su ba. Kada a jera mutane da rata iri ɗaya kamar shukar gero. A tara uku a nan, biyu a can, ɗaya a gefe.

Kafin a manna kome, a yanka kwali gwargwadon girman kowane abu, a yi ta sauya musu wuri, ana duban su daga daidai tsayin allon.

Nauyi

A nan ne kimiyya ta fi shigowa. Idan aka rage tsawo sau 35, faɗin fili yana raguwa sau 35 × 35, wato 1,225, girman jiki kuwa sau 35 × 35 × 35, wato 42,875. Jif mai nauyin kimanin kilo 1,100, da za a ƙanƙanta ta da ƙarfenta da kome, nauyinta zai koma giram 26 kacal. Ke nan nauyi ya ragu fiye da faɗin tayar da ke taka ƙasa, har danniyar da take yi wa ƙasa ta ragu sau 35. Shi ya sa 'yar mota ba ta nutsewa da kanta, sai ta zauna a kan ƙasa kamar ƙuda a kan tuwo.

Maganin wannan shi ne mai gini ya danna tayoyin cikin yumɓu ko filasta tun yana ɗanye, ya kuma ja sawun taya a bayanta. Tayar da ta maƙale ta nutse har kusan rabi, motar ta karkata ta wannan gefe. Ƙafafun mutane ma a danna su, a kuma soka 'yar waya daga dunduniya zuwa katako don kada su faɗi.

Tsayuwar jiki ita ma tana bin ƙa'ida. Mai turi yana jingina gaba har cibiyar nauyinsa ta wuce ƙafafunsa, motar ce ke tare shi, don haka dole hannuwansa su taɓa ta sosai. Ɗan dako kuwa wuyansa a miƙe yake, kayan suna bisa kansa daidai da ƙashin baya, kamar yadda muke gani kullum a kasuwa.

Launi

Wanda ya tsaya mita 1 daga allon tamkar yana hangen wurin ne daga mita 35. Abu mai nisa launinsa yakan ɗan kwanta, saboda haka a sirka fenti da ɗan fari, a guji mai ƙyalli. Lakar da ke ƙasa ita za a shafa wa tayoyi da takalma da ƙafafun wanduna, don mota da mutane su zama 'yan wuri ɗaya.

Aikin yi

1. Tankar Sherman tana da tsawon kimanin mita 5.8. Nemo tsawonta a ma'aunin 1:35 da na 1:72.
2. Allo mai santimita 40 da 25, fili nawa yake wakilta a ma'aunin 1:35?
3. Zana taswirar diyoramarka, ka nuna da kibiya inda kowane mutum yake kallo.

Kammalawa

Malamai na iya raba aji ƙungiya-ƙungiya, malamin lissafi ya duba awo, na tarihi ya duba sutura da makamai. Kayan aikin ba su wuce katako da kwali da yumɓu da waya da gam ba. Shekaru sama da 80 sun shuɗe da yaƙin Bama, kuma waɗanda suka halarce shi kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Ɗalibin da kakansa ya je, ya tambayi dattawan gidansu ko an bar hoto ko lambar yabo, domin daga hoto guda ana iya gane irin hula da takalmin da za a sa wa ɗan mutum-mutumi mai santimita 5.