Darasi: Wane Iri Ne Za Mu Iya Ajiyewa?

'Yan'uwa, mu da muke noman shinkafa a fadamun Illo, bakin kogin Kwara, ya kamata mu san asalin irin da muke shukawa.

A jikin kowane mai rai akwai wasu ƙananan zare da ido ba ya gani, masana suna kiransu kuromosom. Su ne ke ɗauke da gado. Doki yana da 64, jaki 62, alfadari kuwa 63. Nasa ba su daidaita biyu-biyu ba, shi ya sa ba ya haihuwa.

Shinkafar Afirka da ta Asiya kowace tana da 24, duk da haka in an haɗa su, yawancin 'ya'yan ba sa cika ƙwaya. Dokta Monty Jones, mutumin Saliyo, ya shawo kan wannan a cibiyar WARDA ta ƙasar Kwaddibuwa. Ya sake haɗa 'ya'yan da shinkafar Asiya. Ya kuma tsirar da shuka daga garin fure mai zare 12, aka ninka su suka zama 24. Haka aka sami NERICA a 1994.

Gadon NERICA ya zauna, don haka muna iya ajiye irinta mu shuka baɗi. Masarar haɗi da ake sayarwa a leda ba haka take ba. In mun shuka daga girbinta, gonar za ta fito barkatai, amfani ya ragu.

Kafin mu biya kuɗi, mu tambayi malamin gona: wannan irin na ajiyewa ne, ko na damina ɗaya?