Kafin Ka Biya Kuɗin Ajin Farko da Otal Mai Tauraro Biyar

Wanda Allah ya hore wa abin sayen tikitin ajin farko zuwa Landan ko Dubai ko New York, ya kuma kama ɗaki a otal mai tauraro biyar, yakan ɗauka tsadar da ya biya ta ɗauke masa nauyin bincike. Ya kira ejan, ya ce a ba shi mafi kyau, ya tura kuɗi, ya zauna jiran ranar tafiya. Daga nan matsalar take somawa, domin babu wata hukuma a duniya da ta gindaya abin da dole kamfanin jirgi ya tanada kafin ya kira kujerarsa ajin farko, taurarin otal kuma ba da mudu ɗaya ake auna su a kowace ƙasa ba. Abin da matafiyi yake nema da wannan makudan kuɗi bai wuce abu biyu ba, barci da lokaci: ya sauka jikinsa bai mutu ba, kuma kada wuninsa ya ƙare a kan titi. Shawarata ita ce a gwada kowane tikiti da kowane ɗaki a kan waɗannan biyun, a kuma lissafa tafiyar a dunƙule, tun daga ƙofar gida har gadon otal.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne tazarar da ke tsakanin ajin farko da ajin 'yan kasuwa ta ragu ƙwarai. A shekarar 2000 British Airways ya saka kujerar da ke miƙewa ta zama gado a ajin 'yan kasuwa, sauran kamfanoni suka bi sahu, har a 2017 Qatar Airways ya fito da Qsuite, kujerar 'yan kasuwa mai ƙofar da fasinja zai ja ya rufe. Da gado da sirri suka sauko aji na biyu, sai kamfanoni da dama suka ga ba su da dalilin ci gaba da riƙe na farkon. Turkish Airlines ba shi da shi, Ethiopian ba shi da shi, haka KLM, kuma United da Delta na Amurka sun daina sayar da shi a dogayen tafiye-tafiyensu na ƙetare. Shi kansa Qatar, a kaɗan daga cikin jiragensa na dogon zango ake samunsa. Ga mai tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai, wannan na nufin yawancin jiragen da zai hau ƙololuwarsu ajin 'yan kasuwa ne. A cikin Amurka kuwa, abin da jiragen cikin gida ke kira ajin farko galibi kujera ce mai ɗan faɗi da ke kishingiɗa kaɗan, babu gado babu ƙofa.

Saboda haka sunan kamfani bai isa ba, sai an san jirgin da za a hau. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma shi ake yi kullum a wajen sayen tikiti. Ɗauki Emirates, wanda tallarsa ta fi ta kowa shiga ido. Banɗakin wankan da ake nunawa, mai ruwan minti biyar ga kowane fasinja, a jirgin A380 kawai yake. Ɗakin da ke rufe tun daga ƙasa har rufi, wanda aka ƙaddamar a 2017, a 'yan ƙalilan daga cikin jiragen Boeing 777 yake. Da kamfanin ya dawo jigilar Legas a watan Oktoban 2024, da 777 ya dawo, don haka wanda ya biya kuɗi yana tunanin wanka a sararin samaniya daga Legas ya sayi abin da babu shi a jirginsa. Binciken ba shi da wahala. A nemi lambar tashin da samfurin jirgin, a buɗe taswirar kujeru a shafin kamfanin, a ƙirga kujeru nawa ne a jere ɗaya. Idan ajin 'yan kasuwa ne kuma an ga ɗaya, biyu, ɗaya, kowa na da hanyar fita ba tare da tsallake maƙwabci ba. Idan an ga biyu, uku, biyu, akwai wanda zai kwana a tsakiyar baƙi biyu. A duba kuma ko kamfanin da ya sayar da tikitin shi ne zai ɗauki mutum, domin sukan yi tarayya a sayar da tikitin juna, sannan a tabbata ajin da aka biya yana kan dogon zangon, kada a ba ka alfarma a tafiyar awa ɗaya a mayar da kai baya a ta awa goma. Idan zaɓi ya zo daidai, Boeing 787 da Airbus A350 sun fi tsofaffin jirage sauƙi ga jiki, saboda iskar cikinsu tana kama da ta tudu mai tsawon ƙafa 6,000, ta tsofaffin kuwa takan kai 8,000, kuma ba ta kai tasu bushewa ba.

Daga nan sai lissafin awoyi, wanda shi ne ke yanke hukunci. Daga Abuja ko Legas zuwa Landan tafiyar awa shida ce zuwa bakwai. A jirgin dare, idan aka cire tashi da abincin dare da shirin sauka, abin da ya rage na barci da ƙyar ya haura awa huɗu, kuma barcin awa huɗu a gadon ajin farko bai fi na gadon 'yan kasuwa mai kyau da abin a zo a gani ba. Bambancin kuɗin kuwa babba ne. Wani kaso na abin da ake biya a ajin farko yana tafiya ne a kan giya masu tsada da ƙwan kifin nan da ake kira kabiya, kuma mai karatun da ba ya shan giya ya kamata ya san yana biyan kuɗin abin da ba zai taɓa ba. Inda ajin farko ke nuna amfaninsa shi ne tafiyar awa goma sha biyu zuwa sha huɗu, kamar daga Dubai zuwa New York, inda mutum zai ci, ya yi barci cikakke, ya tashi ya yi aiki, ko kuma inda hidimar ƙasa take da ƙarfi. Lufthansa na da gini na daban a Frankfurt ga fasinjojin ajin farko, inda ake binciken mutum cikin natsuwa a kai shi bakin jirgi a mota. Wannan lokaci ne na gaske ake saye.

Wani zai ce ai batun ya wuce barci, akwai sirri da mutunci. Maganar tana kan hanya, kuma ban raina ta ba. Dattijon da ƙafafunsa suka yi rauni, ko mara lafiyar da ke dawowa daga tiyata, ko Hajiyar da ke son ta cire mayafi ta kwanta babu idon kowa a kanta, ko sanannen mutumin da ba ya son a tare shi da gaisuwa da koke, duk suna da dalili mai ƙarfi na neman sashen da ma'aikaci ɗaya ke kula da mutane kaɗan. Sai dai wannan hujjar ma bincike take buƙata, tunda akwai kujerar 'yan kasuwa mai ƙofa, akwai kuma ta ajin farko da take a buɗe. Mai neman sirri ƙofa zai tambaya. Wani kuma zai ce duk wannan almubazzaranci ne. Ga wanda zai ci bashi ko ya tauye haƙƙin iyalinsa don a gan shi a gaba, haka ne. Amma wanda zai sauka da asuba ya shiga cinikin da ya ninka kuɗin tikitin sau da yawa, hutun da ya saya yana cikin jarinsa.

Akwai haƙƙin da mutane da yawa ke bari a banza. Kamfani na iya canja jirgi a ranar tafiya, a sauke mutum zuwa ajin da ke ƙasa da wanda ya biya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ce a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500 a mayar wa fasinja kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon cikin kwana bakwai. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, da wanda ya nufe su idan kamfanin nasu ne, kuma Birtaniya ta riƙe irinta bayan ficewarta. A ajiye katin shiga jirgi, a rubuta takardar nema, kada a yi gaggawar karɓar takardar rangwame a madadin kuɗi.

A ɓangaren otal ma labarin bai sauya ba. Burj Al Arab na Dubai, da aka buɗe a 1999, ana ta kiransa mai tauraro bakwai alhali a hukumance biyar gare shi. Faransa kuwa sai da ta ƙirƙiro wani matsayi na daban a 2010, mai suna Palace, don ta ware fitattu daga cikin masu tauraro biyar, shaida ce cewa taurarin kaɗai ba sa rarrabewa. Abin da ya fi su nauyi shi ne unguwa. Wanda ya je Landan ganin likita a titin Harley, ya nemi masauki a Marylebone ko Mayfair, kada kyan hoto ya kai shi Canary Wharf. Ɗan kasuwar da harkarsa ke Deira, idan ya sauka a tsibirin Palm Jumeirah, safe da yamma a cunkoson titin Sheikh Zayed zai yi su. Mai zuwa Umara ya fi kowa sanin wannan: a otal-otal ɗin Abraj Al-Bait kuɗin ɗakin da ke kallon gari daban, mai kallon Harami daban, mai kallon Ka'aba daban, kuma wanda ke can ƙololuwar bene zai iya daɗewa yana jiran lif gab da sallah, ta yadda ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa ya fi wa dattijo amfani. A tambayi faɗin ɗakin da murabba'in mita, musamman a tsofaffin otal-otal na Landan da Paris inda ɗaki mafi araha kan zama ƙarami, a tambayi ko taga na fuskantar titi mai hayaniya, a kuma nemi a kwashe giyar da ke cikin ƙaramin firji kafin a iso. Banɗakunan Turai galibi ba su da bututun tsarki, ƙaramar buta a jaka tana magance wannan.

Inda jirgi da otal suke haɗuwa shi ne agogo, kuma nan aka fi yin sakaci. Yawancin otal-otal sai wajen ƙarfe uku na rana suke ba da ɗaki, jiragen dare kuwa da sassafe suke sauka. Mutum ya kwana a gadon alfarma a sama, ya zo ya yi awa takwas a kujerar zauren karɓar baƙi da kayan jiya a jikinsa. Alƙawarin za a duba idan akwai ɗaki ba tabbaci ba ne. Mafita ita ce a kama ɗakin tun daren da ya gabata, a rubuto wa otal ɗin lokacin isowa don kada su ɗauka ba a zo ba su soke. Rarar da aka samu ta sauka daga ajin farko zuwa na 'yan kasuwa a tafiyar awa shida takan biya wannan daren har ta yi saura.

Kuɗin da aka gani a talla ma ba shi ne na ƙarshe ba. A Dubai akwai kashi 10 na hidima, kashi 7 na hukumar birni, kashi 5 na harajin kaya, da dirhami 20 kowane dare a otal mai tauraro biyar. A New York harajin ya kusa kashi 15, wasu otal-otal kuma suna ƙara nasu kuɗin na kowace rana. Da isarka za a riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina, yakan ɗauki kwanaki kafin a sake shi, don haka a tafi da katin da ke da sarari, a kuma tabbatar da banki cewa zai yi aiki a waje. Kada a sayi ɗaki ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Wanda ya ce ejan ɗinsa ya san duk wannan, wataƙila ya sani, amma ejan na iya samun kamasho mafi tsoka a wani kamfanin fiye da wani. A ce masa ya turo a rubuce: samfurin jirgi a kowane zango, lambar kujera, tsawon jira a inda za a yada zango, nau'in ɗaki da faɗinsa, jimillar kuɗi har da haraji, da ranar ƙarshe da za a iya fasawa ba tare da asara ba.