Amsar Tambaya: Yadda Ake Fassara Zanen Barkwanci na Siyasa

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi a Sakkwato: Ta yaya ake gane manufar zanen barkwanci na siyasa?

Amsa: Zanen barkwanci habaici ne da ake yi da alƙalami, don haka ana fara duba ranar da aka buga shi da abin da ke faruwa a lokacin. Daga nan sai a tantance alamomi: farar kurciya na nufin zaman lafiya, dattijo mai doguwar hula da tutar taurari kuwa Amurka ce. Ƙaton ciki kan nuna haɗama.

Akwai sanannen zane da ke nuna Bismak na Jamus riƙe da wuƙa yana yanka Afirka kamar alkaki, Turawa na kewaye da tebur. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ake nufi, wanda ya share fagen mamayar da ta kai ga faɗuwar Sakkwato a hannun Ingila a 1903.

A ƙarshe, a binciki jaridar da ta buga zanen da kuma ra'ayinta. Misali, mai zanen barkwanci Akinola Lasekan ya yi zanensa a jaridar West African Pilot ta Azikiwe, mai adawa da mulkin mallaka, shi ya sa zanensa ya riƙa sukar mulkin mallaka.