Rumbun Yusufu a Gidanka

Karatun yau: Farawa 41:33-49

Ba sai an gaya maka rayuwa ta yi tsada ba, tukunyar gidanka ta riga ta gaya maka. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai kabu-kabun da ke kai ka Babbar Kasuwa daga Mabera ya ƙara kuɗi, ɗan garuwa ya ƙara, mai gidan haya ma bai tsaya ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma kai ka san inda yake ƙarewa.

Dubi abin da Yusufu ya yi a Masar. Allah ne ya bayyana masa ma'anar mafarkin Fir'auna: shekara 7 na ƙoshi, 7 na yunwa. Amma bai tsaya ga fassarar mafarki ba. Ya kawo lissafi, a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a tara a birane, a naɗa masu kula. Mutumin da Ruhun Allah ke cikinsa ne ya zauna yana auna hatsi. Muna yawan roƙon buɗi a daren addu'a, kuma daidai ne, sai dai da yawanmu ba za su iya faɗin nawa suka kashe a makon jiya ba.

Kai ma kana da naka lokacin ƙoshi. Ga mai albashi, kwana uku ne na farko bayan kuɗi sun shiga. Ga mai sana'a, ranar da ciniki ya yi kyau. A ranar ake yin shiri, ba ranar 20 ga wata da aljihu ya bushe ba. Ku zauna da matarka, ke kuma da maigidanki, da takarda da biro. Kowa ya faɗi gaskiyar abin da yake samu. Na sha ganin gidajen da ake rigima kan kuɗin cefane, alhali matar ba ta san albashin mijinta ba, shi kuma rabonsa da tambayar farashin tiyar shinkafa an daɗe. Ku cire zakka da baiko, sannan abinci. Haya da kuɗin makaranta ba baƙi ba ne, kun san watan da za su ƙwanƙwasa ƙofa. Ku raba kuɗin hayar shekara gida 12, ku riƙa ajiye kashi ɗaya kowane wata, ko a asusun da ba ku riƙe da katinsa, ko a adashen mutanen da kuka yarda da su.

Shekara ma tana da ƙoshinta. Gero, dawa da wake sun fi sauƙi da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, su yi tsada idan damina ta yi nisa. In buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗa kuɗi gida uku ko huɗu a ikilisiya, ku saya a kasuwar ƙauye irin ta Achida, ku raba. Wake a zuba shi a jarkar da ke rufuwa sosai, kada ƙwari su riga ku ci.

Kashi ɗaya cikin biyar zai yi wa wasu nauyi a yanzu. Fara da abin da za ka iya, ko naira 200 ce a rana. Abin da zan hana ka shi ne bashin manhajojin waya, masu ruwa mai yawa da tona asiri ga duk lambar da ke wayarka. Kada kuma ka ci bashi don ankon biki, ko don ka ba da baikon da za a gan ka.

Aikin wannan mako: daga yau zuwa Lahadi, rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, har kuɗin kati da na mai POS. Bayan sujada, ku buɗe takardar tare a gida, ku yi addu'a a kanta, sannan ku zaɓi abu ɗaya da za ku soke.