Darasi na 14: Makhaya Ntini, Makiyayin da Ya Zama Gwanin Jifa

Kafin karatu

Ku tattauna waɗannan tambayoyi da abokan zamanku: Waɗanne wasanni ne yara suka fi yi a unguwarku? Wane hali ne aikin kiwo yake koya wa yaro? Da ƙarfi da juriya, wanne ya fi kai mutum nesa?

Wasan kurket da aikin majefi

A filayen Karewa da sauran unguwannin Jimeta da Yola, ƙwallon ƙafa ne sarkin wasanni. Amma a ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu, akwai wani wasa mai tara dubban 'yan kallo, wato kurket. Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro shi, suka kuma yaɗa shi a ƙasashen da suka mulka, har da Najeriya.

Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da 'yan wasa 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon mita 20. A kowane ƙarshensa ana kafa sanduna uku kamar yadda ake kafa turke. Ɗan wasan da ake kira mabugi yakan tsaya a gaban sandunan, riƙe da katakon bugu. Wani kuma daga ɗaya ƙungiyar, wato majefi, yakan sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo. Burin mabugi shi ne ya doke ƙwallon ya tara maki. Burin majefi shi ne ya fitar da mabugi daga wasa, ko dai ta hanyar kayar da sandunan, ko kuma ta sa shi ya buga ƙwallon sama wani ya cafe. Jifa shida shi ne zagaye ɗaya.

Majefa iri-iri ne. Wasu sukan murza ƙwallon da yatsu domin ya ruɗi mabugi. Wasu kuwa da sauri suke aiki. Ƙwallon kurket yana da tauri, an rufe shi da fata, nauyinsa kimanin giram 160 ne. Gwanin jifan sauri yakan sa shi ya yi gudun kilomita 140 a sa'a ɗaya, ko ma fiye. Kafin mabugi ya ƙifta ido sau biyu, ƙwallon ya iso gare shi.

Wannan aiki yana cin jiki ƙwarai. A babban wasa na kwana biyar, majefi yana iya yin jifa sama da 100 a yini ɗaya, kuma kowane jifa sai ya yi gudu kafin ya saki ƙwallon. Duk lokacin da ya dira, nauyin jikinsa yakan sauka a kan gwiwa da idon sawu da gadon baya. Shi ya sa majefa da yawa sukan bar wasa da wuri saboda rauni. Samun sauri abu ne mai wuya, amma riƙe shi shekara da shekaru ya fi wuya.

Daga rugar shanu zuwa makaranta

An haifi Makhaya Ntini ranar 6 ga Yuli, 1977, a ƙauyen Mdingi da ke lardin Cape ta Gabas a Afirka ta Kudu. Shi ɗan ƙabilar Xhosa ne, kamar Nelson Mandela. A lokacin, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. An raba wa farare da baƙaƙe unguwanni da makarantu da filayen wasa, kuma farare ne kaɗai suke wakiltar ƙasar a kurket. Saboda wannan zalunci, duniya ta daina wasa da Afirka ta Kudu daga 1970 har zuwa 1991.

Makhaya ya tashi yana kiwon shanu, ba takalmi a ƙafarsa. Duk wanda ya ga yaran Fulani suna kora garke a bakin kogin Binuwai ya san wannan rayuwa: fita da sassafe, doguwar tafiya, haƙuri da rana da ƙishirwa. A ƙasarsu ana tsananin sanyi. An ce idan sanyin safiya ya dame shi, yakan sa ƙafafunsa cikin ɗanyen kashin shanu domin ya ji ɗumi.

Yana da shekara 15, wani jami'in raya wasan kurket mai suna Raymond Booi ya zo yankinsu neman yara masu basira. Ya miƙa wa yaron ƙwallo ya ce ya jefa. Jifan bai tafi daidai ba, amma saurinsa ya ba jami'in mamaki. Aka samo masa takalmi, daga baya kuma aka sa shi a Kwalejin Dale da ke garin da a lokacin ake kira King William's Town, makarantar da ta yi suna a wasanni. Ya shiga makarantar ba ya jin Turanci sosai, sai da ya dage ya koya, kamar yadda kuke dagewa ku koyi Hausa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1995 ya shiga ƙungiyar matasan ƙasar 'yan ƙasa da shekara 19, ya tafi wasa Ingila.

Shiga babbar ƙungiya

A watan Maris na 1998, a filin Newlands da ke Cape Town, Ntini ya buga wasansa na farko na kwana biyar, inda suka kara da Siri Lanka. Shekararsa 20. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙabilun asali na ƙasar da ya wakilci Afirka ta Kudu a irin wannan wasa. Shekara huɗu ke nan da zaɓen Mandela, don haka idon mutane da yawa yana kansa. Wasu sun yi murna. Wasu kuwa suna ta raɗa cewa launin fatarsa ne ya ba shi gurbi, ba gwanintarsa ba.

A 1999 aka gurfanar da shi a gaban kotu bisa wata tuhuma mai nauyi, kotun ta same shi da laifi, aka cire shi daga ƙungiya. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. A shekara ta 2000 ya koma fili, ya shiga neman gurbinsa daga tushe.

Salon jifansa ya sha bamban da na sauran. Maimakon ya dira kusa da sanduna, yakan yi tsalle gefe, ya jefo ƙwallon a karkace zuwa jikin mabugi. Abin da ya fi shahara da shi kuwa shi ne rashin gajiya. Yakan yi gudun kilomitoci domin motsa jiki, har a ranakun da sauran 'yan wasa suke hutawa. Idan yamma ta yi, rana ta gasa kowa, shugaban ƙungiya ya san akwai mutum ɗaya da zai karɓi ƙwallo ya ci gaba da jifa kamar yanzu aka fara.

Ranakun da ba a mantawa

A 2003, a filin Lord's na birnin Landan, wanda ake ɗauka a matsayin gidan kurket, Ntini ya fitar da mabugan Ingila 10 a wasa ɗaya. Babu ɗan Afirka ta Kudu da ya taɓa yin haka a wannan fili kafinsa. Da ya cika na goma, sai ya durƙusa ya sumbaci ƙasa.

A 2005, a birnin Port of Spain da ke tsibirin Trinidad, ya fitar da mabuga 13, ya ba da maki 132 kacal. Wannan ya zama sakamako mafi kyau da wani majefin ƙasarsa ya taɓa samu a wasa guda.

Ranar 12 ga Maris, 2006, a Johannesburg, Ostareliya ta tara maki 434 a wasan yini ɗaya, adadin da ba a taɓa gani ba. Afirka ta Kudu ta bi sawu har ya rage mata maki biyu ta yi nasara, amma mabugi ɗaya ne ya rage mata, shi ne Ntini, wanda bugu ba fanninsa ba ne. Da an fitar da shi, da wasan ya ƙare ke nan. Ya natsu, ya tare jifan Brett Lee, ya samu maki ɗaya, aka yi kunnen doki. Abokin wasansa Mark Boucher ya ƙarasa aikin, suka tashi da maki 438.

A Disambar 2009 ya buga wasansa na 100. Gaba ɗaya ya yi manyan wasanni 101, ya yi jifa sama da 20,000, ya fitar da mabuga 390. A wasannin yini ɗaya guda 173 kuma ya fitar da 266. Ya yi ban kwana da 'yan kallo a birnin Durban a Janairun 2011. A 2016 ya horar da ƙungiyar ƙasar Zimbabuwe, ɗansa Thando kuma ya gaje shi a jifan sauri.

Abin da 'yan kallo ba su gani ba

Mutane sun san Ntini da fara'a da raha. Amma a 2020, a wata hira da gidan talabijin na ƙasarsu, ya bayyana cewa ya sha kaɗaici a cikin ƙungiya. Ya ce abokan wasansa sukan shirya fita cin abinci a gabansa ba tare da sun gayyace shi ba. Ya ce sau da yawa yakan ba direba jakarsa, shi kuma ya tafi fili da gudu, ya dawo masauki da gudu, domin kada ya zauna shi kaɗai a cikin mota cike da mutane. Ashe gudun da ake yaba masa, rabinsa horo ne, rabinsa kuma neman mafita daga baƙin ciki.

Wannan magana ta sa 'yan ƙasar sun sake duba yadda ake karɓar baƙo a cikin jama'a. Buɗe wa mutum ƙofa bai isa ba, sai an matsa an ba shi wurin zama. Amma wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Yaran da suka gan shi a talabijin sun taso, irin su Kagiso Rabada da Lungi Ngidi a jifan sauri, da Temba Bavuma wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙasar.

A Najeriya ma wasan yana farfaɗowa. Matasanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya karo na farko a 2020, a ƙasar su Ntini. A Oktoban 2021 kuma, a Legas, ɗaya daga cikinsu mai suna Peter Aho ya fitar da mabugan Saliyo shida, ya ba da maki biyar kacal, abin da ya kafa tarihi a duniya a lokacin. Kowa ya ci zomo, ya ci gudu.

Ma'anar kalmomi

- turke: icen da ake kafawa a ɗaure dabba
- cafe: kama abu a sama kafin ya faɗi
- dira: sauka ƙasa bayan tsalle
- garke: tarin shanu ko tumaki
- gurbi: wurin da aka ware wa mutum
- a karkace: ba a miƙe ba
- kunnen doki: maki daidai wa daida
- kaɗaici: zama ba abokin hira
- farfaɗo: dawo da ƙarfi bayan rauni

Tambayoyi

1. Mene ne burin majefi, kuma mene ne burin mabugi?
2. Me ya sa majefa masu sauri sukan bar wasa da wuri?
3. Wane ne ya gano basirar Ntini, kuma yana da shekara nawa a lokacin?
4. Me ya faru a filin Lord's a 2003?
5. Kawo dalilai biyu da suka sa Ntini yake tafiya fili da gudu.
6. Bayyana ma'anar karin maganar "Kowa ya ci zomo, ya ci gudu", ka danganta ta da labarin.

Nahawu: ɗafa-goshin "ma-"

A Hausa ana liƙa "ma-" a gaban aikatau domin a samar da sunan mai yin aikin. Sunan namiji yakan ƙare da "-i", na mace da "-iya", jam'i kuma da "-a". Dubi waɗannan misalai:

- jefa: majefi, majefiya, majefa
- buga: mabugi, mabugiya, mabuga
- noma: manomi, manomiya, manoma
- ɗinka: maɗinki, maɗinkiya, maɗinka

Samar da siffofi uku na kowane ɗaya daga waɗannan: gina, saƙa, ƙera, rubuta, karanta. Sa'an nan ka yi jimla ɗaya da kowane jam'i.

Aikin gida

Rubuta insha'i mai kalmomi 150 a kan wannan batu: "Yadda ya kamata mu karɓi sabon ɗalibi wanda ba ya jin harshenmu." Yi amfani da kalmomi uku daga jerin da ke sama, da karin magana ɗaya.