AIKATAU "CI": ASALINSA, MA'ANONINSA DA YADDA AKE KOYAR DA SHI

1.0 Gabatarwa

Kowane harshe yana da wasu 'yan aikatau gajeru waɗanda masu harshen ke ɗora wa nauyin ma'anoni masu yawa. A Ingilishi akwai get, wanda Ingilishi ya aro daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, yau kuma yake ɗauke da ma'anar samu da zama da isa da fahimta. A Hausa, aikatau ci shi ne ya fi fice a wannan fage. Ɗalibin da aka tura koyarwa makarantar firamare ta Mabai, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, zai tarar yaran aji huɗu suna cewa wuta ta ci rumbu, kasuwa tana ci, wane ya ci jarrabawa, amma in ya tambaye su ma'anar ci, amsa ɗaya za su ba shi, wato sa abinci a baki. Aikin malami shi ne ya fito da ilimin da yaran suke da shi a baki, ya tsara musu shi a kan allo. Wannan darasi zai duba asalin wannan aikatau, da ƙirarsa, da rabe-raben ma'anoninsa, sannan hanyar koyar da shi.

2.0 Asalin Kalmar

Ci ba ararriyar kalma ba ce. Gadonta Hausa ta yi daga uwar harsunan Cadi, dangin da ya ƙunshi harsuna kimanin 150 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, wanda Joseph Greenberg ya sanya cikin babban gidan Afro-Asiya a 1963. A 1977 Paul Newman ya kwatanta kalmomin waɗannan harsuna, ya nuna cewa tsohuwar siffar kalmar ita ce *ti. Alamar tauraro tana nufin siffa ce da aka gano ta hanyar kwatance. Har yau Bolanci na ƙasar Fika yana da ti, harshen Ngizim na Potiskum kuma yana da ta, duka da ma'anar cin abinci.

Abin da ya mayar da *ti ya zama ci shi ne ganɗantawa, wato sauyin da wasu baƙaƙe ke yi idan wasalin /i/ ko /e/ ya biyo bayansu. Wannan doka tana aiki a Hausar yau: mota, motoci; sata, sace; ƙasa, ƙasashe; kaza, kaji. A nan ya kamata a yi hattara da kamannin sauti. Kalmar maciji ba daga ci ta fito ba. Tushenta shi ne ciza, inda /z/ ta koma /j/ saboda wannan doka.

3.0 Ƙirar Aikatau

F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa aji bakwai a 1960, amma masu gaɓa ɗaya irin su ci, bi, fi, ji, ƙi, yi, sha da so ba su shiga cikin bakwai ɗin ba. Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, ya tara su a aji na sifiri. Wasalin ci gajere ne kafin suna (ya ci tuwo), amma yana tsawaita kafin wakilin suna (ya ci shi). Daga gare shi ake samun:

(a) cinye: Fari sun cinye dawar.
(b) ciyar: Manomi ya ciyar da shanunsa.
(c) ciyo: Ya ciyo bashi a Faskari.
(d) ciyu: Tuwon bai ciyu ba.

Haka kuma sunaye kamar abinci (abin + ci), cima, ciye-ciye da maciya duk rassansa ne.

4.0 Rabe-raben Ma'ana

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk sun kawo ma'anonin ci a jere. Domin sauƙin koyarwa, ana iya kasa su gida shida.

4.1 Ma'anar asali. Tauna abu da haɗiye shi: ci tuwo, ci masara, ci goro. Abin da yake da ruwa-ruwa kuwa sha ake yi, ko da ana tauna shi, shi ya sa ake shan rake da mangwaro da kankana.

4.2 Halakarwa ko ƙarar da abu. Gara ta ci azara. Ruwa ya ci gonar. Ginin ya ci kuɗi. Tafiyar ta ci kwana biyu. Buhun yana cin tiya 40. Abin da aka ci ya ɓace daga gani, saboda haka duk abin da ke haɗiye wani abu ana cewa ya ci shi.

4.3 Rinjaye. Ta ci jarrabawa. Ya ci zaɓe. Sun ci ƙwallo biyu. Masu jihadi sun ci Alƙalawa a 1808.

4.4 Samu da mora. Ci riba, ci gado, ci sarauta, ci albarkaci, ci bashi.

4.5 Cutar da wani. Ci amana, ci mutunci, ci zarafi, ci fuska, ci hanci. A nan abin da ake ci ba ya ganuwa, amma mai shi ya rasa shi kamar yadda ake rasa abincin da wani ya cinye.

4.6 Kasancewa cikin aiki. A wannan gida ci ƙi-karɓau ne: Fitila tana ci. Kasuwar Sabuwa tana ci. Wuƙar ba ta ci. Maganin ya ci.

Zaren da ya ɗinke waɗannan gidaje shi ne cewa mai ci yana da iko a kan abin da yake ci. Wani karin magana ya haɗa ma'anoni biyu a jumla ɗaya: "Kowa ya ci zomo ya ci gudu." Na farko na baki ne, na biyu kuwa na wahalar da aka ɗauka kafin a kai ga naman.

5.0 Ci da Sha

A 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazarin waɗannan aikatau biyu, suka nuna cewa ci ya fi karkata ga wanda ya yi rinjaye, sha kuma ga wanda abu ya auka wa. Kwatanta ya ci nasara da ya sha kaye, ko ya ci riba da ya sha wahala. Sai dai wannan karkata ce kawai, domin ana cewa ya ci duka kamar yadda ake cewa ya sha duka, ana kuma cewa ya sha kan matsala alhali shi ne mai rinjaye.

Ba Hausa kaɗai ke yin haka ba. Bayarabe yana cewa jẹ gbèsè, daidai da ci bashi, amma wahalar da Bahaushe yake sha, shi cinta yake yi, jẹ ìyà. A harshen Suwahili ana cewa kula rushwa, wato cin rashawa. Ingilishi kuwa yana buƙatar aikatau dabam-dabam ga jarrabawa da zaɓe da gado da amana, kuma daga nan ne kuskuren yara da yawa yake tasowa a darasin fassara.

6.0 Hanyar Koyarwa

Da farko malami ya nemi yara su kawo jumloli masu ci daga gona da kasuwa da gida, ya rubuta su yadda suka faɗa. Na biyu, ya sa su maye gurbin ci da wani aikatau a kowace jumla, kamar ƙone a wuta ta ci rumbu, ko lashe a ya ci zaɓe. Na uku, su tara jumlolin da suka yi kama a gida ɗaya, su raɗa wa gidan suna da kansu.

Akwai abin kiyayewa guda. Idan karɓau mutum ne kai tsaye, musamman wakilin suna na mace, ci yana iya ɗaukar ma'anar batsa. Malamin da bai tace misalansa tun daga gida ba yana iya jawo dariyar da za ta ɓata darasin, ta kuma zubar masa da girma a gaban yara da iyayensu. Saboda haka a faɗi abin da aka ci a fili: ya ci ta tara, ya ci amanarta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ci gadajjen aikatau ne daga *ti, yana cikin aji na sifiri, kuma ma'anoninsa sun yaɗu ne daga ma'anar asali ta hanyar kamanta abin da ba a gani da abin da ake sa wa a baki. Malamin da ya riƙe wannan zare zai iya yin irin wannan nazari ga sha da ji da kama.

Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda *ti ya koma ci, tare da misalai uku na ganɗantawa.
2. A wane gida za a sa waɗannan: ci ado, ci karo, ci gaba, ci tara? Kawo hujja.
3. Tattaro karin magana biyar masu ɗauke da ci daga bakin dattawan garinku, ka fayyace ma'anarsa a kowanne.
4. Tsara darasin minti 35 a kan ci da sha domin aji biyar na firamare.